Daga Dokin Muniyoma zuwa Tsohuwar Marsandi: Tarihin Darajar Abin Hawa a Ƙasar Gure

Gabatarwa

A ƙasashen da ake ƙera motoci, mota tana fara asarar kuɗinta tun ranar da ta bar shagon mai sayarwa. Motar alfarma kuwa ta fi kowace saurin faɗuwa, domin attajiran da ke sayenta sabuwa ba sa son a gan su cikin ta bara. A ƙasar Gure, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, da sauran garuruwan kudancin Nijar, an daɗe ana ganin wani abu dabam. Marsandin da ta shekara 15 tana yawo a Jamus takan iso nan a tarbe ta kamar amarya, ta ƙara wasu shekaru tana aiki, ta sauya hannu sau biyu ko uku, kuma kowane mai ita ya sallama ta ba tare da ya yi kukan asara ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba kowane tsohon abu ne zuma ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda tsohuwar motar alfarma ta sami wannan matsayi, da abin da ke riƙe mata daraja, da kuma abin da ke iya zubar da ita.

Gadon doki

Kafin zuwan mota, doki ne ma'aunin girma a wannan yanki. A tsakiyar ƙarni na 19 Gure ce babban birnin ƙasar Muniyo, ƙarƙashin Muniyoma Koso, wanda ke biyayya ga Shehun Borno. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya yada zango a garin cikin Disamba 1852, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, kuma da yawan barade da maharba ya auna ƙarfin sarkin, kamar yadda mutanen zamanin suke aunawa. Daga bisani, a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, Muniyo ta koma ƙarƙashin ikon Damagaram, amma matsayin doki bai canja ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, ingarman doki ba ya rayuwa shi kaɗai. Bayansa akwai mai yankan ciyawa da mai share barga, akwai hatsi da kanwa, akwai baduku mai kayan sirdi da maƙeri mai linzami da likkafa. Wanda ya sayi doki alhali ba shi da halin riƙe shi, kafin damina ta zagayo zai mayar da shi ƙashi da fata. Mai saye yakan buɗe baki ya dubi haƙora don sanin shekaru, ya ɗaga kofato, sa'an nan ya tambayi asali da hannun da dokin ya fito. Haka kuma mai doki yana da hakkin jama'a a kansa: a ara don ango, a fita da shi tarbar baƙo, a ƙawata hawan salla. Waɗannan ɗabi'u ba su mutu tare da zamanin barade ba. Mota ta zo ta tarar da su, ta gaje su.

Zuwan mota da shimfiɗa kwalta

A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën, ƙarƙashin jagorancin Haardt da Audouin-Dubreuil, ya biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram ya nufi tafkin Cadi. Motocin nan sarƙa aka sa musu a madadin ƙafafun baya, saboda masu ƙera su sun san rairayi ba ya ragawa taya. A sauran shekarun mulkin mallaka mota kayan kwamanda ce da na kamfanonin sayen gyaɗa. Bayan samun mulkin kai a 1960 ta zama ta hukuma da manyan ma'aikata, kuma mai tsayin ƙafa irin Land Rover ce ke iya shiga gabas.

Abin da ya buɗe wa motar alfarma ƙofar Gure shi ne kwalta. A cikin shekarun 1970 aka shimfiɗa Hanyar Haɗin Kai daga Gure zuwa Gigimi, sama da kilomita 400, da taimakon ƙasar Kanada, garin ya zama zango a kan babbar hanyar da ta ratsa ƙasa daga yamma zuwa gabas. Daga nan ne mota mai gajeriyar ƙafa da kujeru masu laushi ta sami inda za ta taka.

Shekarun nan kuma su ne suka sauya fasalin dukiya. Farin 1973 da 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, sun nuna wa masu garke cewa dukiyar da ke tafiya da ƙafa huɗu tana iya ƙarewa a rani guda. A daidai lokacin kuɗin uraniyom na Arlit suna shigowa baitulmalin ƙasa, kuɗin man fetur kuma sun cika kasuwannin Nijeriya. Fataken da suka iya ciniki tsakanin ƙasashen biyu suka yi ƙarfi, su ne waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986 mai suna Les Alhazai de Maradi. Alhajin da ya yi arziki yakan gina gida da masallaci, ya sauke farali, sa'an nan ya sayi Mercedes-Benz, wadda baki ya mayar Marsandi.

Wani al'amari da ya faru a Nijeriya ya ƙara rarrabe matsayin motoci. Ran 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Janar Murtala Muhammed cikin baƙar Marsandinsa a Legas, motar da aka ajiye daga baya a gidan tarihi na birnin. Gwamnatin Janar Obasanjo da ta gaje shi ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, ta mayar da Peugeot motar hukuma. Tun 1975 ake harhaɗa Peugeot 504 a masana'antar Kaduna, aka kuma ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Saboda haka Fijo ta zama motar ma'aikaci da ta haya, kayan gyaranta suka cika kasuwannin Kano har suka malalo Damagaram. Marsandi kuwa ta tsaya a matsayin motar ɗan kasuwa da basarake, wadda mutum ya saya da guminsa.

Abin da Jamusawa suka ƙera

Sunan kamfani kaɗai ba zai riƙe mota shekara 30 ba. Samfurin da ya kafa wa Marsandi suna a Afirka shi ne wanda masana'anta ke kira W123, wanda aka ƙera daga 1976 zuwa farkon 1986, kimanin guda miliyan 2.7. Tun a ƙasar haihuwarta ta nuna halin riƙe kuɗi: a shekarun farko masu oda sun yi yawa har ana jira fiye da shekara, waɗanda aka ɗan hau kuwa ana sayar da su sama da kuɗin sabuwa ga wanda ba ya iya jira.

Sirrinta sauƙin gini ne tare da ingancin ƙarfe. Masu shan gazuwal, wato 200D da 240D da 300D, famfon mansu na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a ciki. Inji ne mai nawa, ba ya gudun tsere, amma ba a matsa masa ba, shi ya sa yake daɗewa. Abin da ya lalace ana iya kwance shi a gani da ido, a gyara ko a sauya. Direbobin taksi na Jamus sun dogara da ita, na Maroko kuma sun yi shekaru da dama suna jigila da ita tsakanin birane. Wani direban taksi na ƙasar Girka, Gregorios Sachinidis, ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da wata 240D ta 1976, daga samfurin da ya gabaci wannan, kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. Samfuran da suka biyo baya, wato ƙaramar 190 ta 1982 da W124 ta ƙarshen 1984, sun ci gajiyar wannan suna, kuma su ma sun tabbatar da shi.

Hanyar hamada da hanyar Kwatano

Ta hanya biyu tsofaffin motocin Turai suka shigo Nijar. Ta farko ta hamada ce. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sukan sayi tsohuwar Fijo ko Marsandi da araha, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit zuwa Agadas, su sayar, su hau jirgin sama su koma da kuɗin. Motar da ta ƙetare Sahara da ƙafarta ta riga ta ci jarrabawa a idon mai saye. Tawayen arewacin Nijar da ya fara a 1990 da yaƙin basasar Aljeriya da ya ɓarke a 1992 suka toshe wannan hanya.

Ta biyu ta teku ce. Unguwar Heyvaert a birnin Brussels ta zama matattarar tsofaffin motoci, ana loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, a sauke a Kwatano. Cinikin ya bunƙasa har ya kai ɗaruruwan dubban motoci a shekara. Daga nan ne aka sami sunayen da kowa ya sani: ƴar Kwatano, ƴar Beljiyam, da kuma wanda masu jin Faransanci ke faɗi cikin raha, wato motar da ta yi ban kwana da Faransa. A da motocin sukan hauro ta Gaya, da yawansu da takardun wucewa, su bi ta Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram su faɗa Nijeriya, musamman bayan da gwamnatin can ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita a farkon shekarun 2000. Wani kaso yakan tsaya a garuruwan da ke kan hanya.

A nan akwai lissafin da ke bayyana dalilin da ya sa ake zaɓen mota mai suna. Daga Kwatano zuwa Gure tafiyar kusan kilomita 1,800 ce. Kuɗin jirgi, kuɗin tashar ruwa, ladan direba, man hanya da wahalar shingaye, duk ba su bambanta sosai ba tsakanin mota mai rauni da mai ƙarfi. Tun da wahalar ɗaya ce, mai hankali zai ɗora ta a kan motar da za ta daɗe. Haka kuma wannan kuɗin hanya ya zama kamar daɓe a ƙarƙashin farashi: muddin motar tana tafiya, da wuya kuɗinta su faɗi ƙasa da abin da za a kashe a kawo irinta.

Sai kuma batun kuɗin ƙasa. A 1986 Nijeriya ta saki darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ya kwana da kuɗinsa a akwati ya wayi gari rabin ƙarfinsu a kasuwar waje ya tafi. Wanda ya kwana da Marsandi a zaure kuwa ya tarar kuɗin irinta sun hau. Jama'a ba su manta da wannan darasi ba. A yankin da banki ya yi ƙaranci, mota mai suna ta shiga sahun shanu da fili da zinariyar mata, wato abin da ake ajiye dukiya a cikinsa, a sayar ranar buƙata.

Yadda ake yanke mata kuɗi

Cinikin tsohuwar mota a wannan yanki bai yi nisa da cinikin doki ba. Mai saye ba ya zuwa shi kaɗai, yakan zo da bakaniken da ya amince da shi. Shekarar ƙira da lambar kilomita ba su ne kan gaba ba, domin kowa ya san ana iya juya lamba. Bakanike yakan so a tayar da injin da sanyin safiya, ya saurari ƙararsa, ya dubi launin hayaƙi. Yakan shiga ƙarƙashi ya nemi tsatsar da gishirin titunan Turai ke haifarwa, ya ƙwanƙwasa jiki don gano inda aka cike da ƙwaɓi bayan haɗari. Tambaya mafi nauyi ita ce ko an taɓa buɗe injin. Bayan haka sai takardu: shaidar biyan duwan da katin mallaka, domin motar da takardunta ba su cika ba tana iya zama abin kwana a ofishin jami'ai.

Asali ma yana da kuɗi. Motar da aka san ta a hannun dattijo mai natsuwa, wanda direba ɗaya ya riƙe masa ita shekara da shekaru, ta fi wadda ta yi haya tsada ko da shekarunsu ɗaya. Dillali shi ne ma'ajin wannan labari. La'adarsa ba ta haɗa mai saye da mai sayarwa kaɗai ba ce, har da tsayawa a kan maganarsa, domin a ƙaramin gari wanda ya yi ƙarya sau ɗaya ya rufe wa kansa kasuwa.

Ginshiƙin da ya fi duka shi ne kayan gyara da mai gyaran. Damagaram tana da nisan kimanin kilomita 240 daga Kano, inda kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa ke tara sababbi da tsofaffin kayan mota. Samfurin da ya yi yawa a gari, duk wadda ta mutu takan zama rumbun kayan gyaran ƴan uwanta. Yaran gareji sun koyi aiki a kanta, maƙera da masu walda sun san abin da za su iya ƙirƙira mata. Motar da ta fi ta kyau da tsada a Turai, in babu mai taɓa ta tsakanin Gure da Damagaram, ranar da ta tsaya ta zama turken awaki. Ke nan darajar motar ba mallakar mai ita kaɗai ba ce. Rabinta yana hannun mutanen da ke kewaye da ita, kamar yadda darajar doki take hannun masu barga.

Hakkin jama'a ma bai sauka ba. Motar babban mutum ita ke ɗaukar amarya, ita ke tarbo alhaji, ita ake bugun ƙofa dominta da tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama a nufi asibitin Damagaram. Wannan hidima tana cin mai da taya, amma tana saya wa mai motar abin da ba a sayarwa a kasuwa.

Rairayi ya naɗa sabon sarki

Marsandi sarauniyar kwalta ce, ƙasar Gure kuwa mafi yawanta ba kwalta ba ce. Da zarar an sauka daga babbar hanya aka nufi arewa, wajen duwatsun Kutus da Taskar da Tarmit, ko aka shiga kwarurrukan kanwa da dabino na ƙasar Manga, rairayi ke da iko. Nan ne Toyota Land Cruiser ta karɓi ragama. Samfurinta na aiki mai lamba 70 ya fito a 1984, yaƙin Cadi da Libiya na 1987 kuma ya nuna wa duniya abin da motocin Toyota ke iya yi a hamada, har aka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Injin gazuwal mai silinda 6 da aka fara sa mata a 1990 ya bi tafarkin tsohuwar Marsandi: sauƙin gini, rashin kwamfuta da jimiri.

Ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara sun shigo da ita da yawa, in sun gama aiki su yi gwanjonta. Aikin man Agadem da aka ƙulla da kamfanin CNPC na ƙasar Sin a 2008, da matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, da zinariyar Jado da aka gano a 2014, duk sun ƙara mata kasuwa. Manyan samfuranta masu kujerun fata, waɗanda ake kira V8, su suka zama motar minista da ɗan majalisa da babban ɗan kasuwa. Ta haɗa abu biyu da Marsandi ba ta haɗa ba, wato kwarjini a ƙofar fada da iya hawan tudun rairayi. Dalilan da suka ɗaga Marsandi jiya su ne suka ɗaga ta.

Abin da ke iya zubar da daraja

Tun daga tsakiyar shekarun 1990 motocin alfarma suka fara cika da na'urori. Makulli yana da ƙwaƙwalwa, giya da birki da allurar mai duk kwamfuta ke sarrafa su. Zafi da ƙura da gurɓataccen mai abokan gabar waɗannan na'urori ne, kuma kunnen bakanike ba ya jin ciwonsu sai an jona na'urar bincike. Irin wannan mota tana iya zuwa da araha, ta yi kyan gani, amma wata ƴar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba ta zaunar da ita wata shida. Malamin makaranta ko ma'aikacin da ya tara albashi da adashi na shekaru ya saye ta saboda tambarin da ke goshinta, yana iya tarar da cewa sunan ya saya, jimirin ya tsaya a samfurin da ya wuce.

Siyasa ma tana taɓa farashi. Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairu 2017, ta rufe iyakokin daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A Mayu 2023 ta janye tallafin fetur, man da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanyoyin Nijar ya yi tsada, mota mai babban inji ta ƙara nauyi a aljihu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A wani gefen kuma, rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 zuwa Afirka, ya kuma yi kira da a tsaurara dokoki saboda hayaƙi da haɗurra.

Abin mamaki, a Jamus kanta tsohuwar Marsandi ta sake yin kuɗi. Tun 1997 motar da ta cika shekara 30 cikin kyakkyawan hali tana iya samun lamba ta musamman a matsayin kayan tarihi, W123 ta farko kuwa ta kai wannan shekaru a 2006. Abin da aka taɓa turowa Afirka don a rabu da shi, yanzu masu sha'awa suna nemansa suna adanawa.

Kammalawa

Tarihin abin hawa a ƙasar Gure ya nuna cewa tsohuwar motar alfarma tana riƙe kuɗinta ne muddin hanya ta karɓe ta, bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta suna kusa, jama'a kuma suna girmama mai ita. In ɗaya daga cikin waɗannan ya kau, farashi yakan bi shi. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai niyyar saye, kafin ya tambayi shekara ko launi, ita ce wa zai gyara ta, kuma daga ina za a kawo abin gyaran.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu. Tsofaffin direbobi da kanikawa da dillalan da suka ga zuwan kwalta, suka san hanyar Agadas da ta Kwatano, suna ta raguwa. A bakinsu akwai sunayen da aka laƙaba wa motoci, da kalmomin gareji da Hausa ta aro daga Faransanci da Ingilishi ta mayar nata, da dabarun gyara da ba a rubuta a kowane littafi ba. An tattara labarin barade da sirdi da linzami bayan zamaninsu ya shuɗe, da yawa kuma ya salwanta. Na mota har yanzu masu shi suna zaune a inuwar gareji da bakin tasha, kuma ɗalibi da littafin rubutu ya isa ya fara ɗaukarsa.